Diskus, kifin da a ke kiwo cikin akwatin gilashi

Shekarar da aka ba ni aji na huɗu, bayan damana, wani ɗan ajina ya zo makaranta da ƴan kifaye bakwai cikin gwangwani. A tabkin bayan gari ya kamo su. Muka sami babbar kwalba mai faɗin baki, muka cika ta da ruwan rijiya, muka zuba su ciki. Kowa yana so shi ne zai ba su abinci. Wannan ya jefa tsakin gero, wancan ya marmasa burodi. Ranar farko kifaye suna ta iyo, yara suna ta murna. Rana ta biyu ruwa ya yi fari kamar farau-farau. Rana ta uku da safe muka tarar biyar sun juya ciki sama. Biyun da suka rage muka mai da su tabki da gaggawa.

Yara suka ce: "Malam, ga ruwa, ga abinci, to, me ya kashe su?"

Wannan tambaya za mu bi a karatunmu na yau. Za mu bi ta kuwa ta hanyar wani kifi wanda ya fi yawancin kifaye tsantseni a kan ruwan da ya ke ciki. Sunansa diskus.

Kifi mai kama da faifai

Ku ɗauki ƙaramin faifai, ku tsai da shi bisa gefensa. To, haka diskus ya ke cikin ruwa. In ka dube shi ta gefe, kewayayye ne, faɗinsa ya kan kai santimetir 15, wani ma 20. In ya fuskance ka sai ka ga ya zama siriri, kamar an matse shi tsakanin alluna biyu. Daga wannan siffa ya sami suna, don a harshen Girkawa na dā "diskos" shi ne faifan da ƴan wasa ke jifa. Bakinsa ƙarami ne, idonsa sau da yawa ja. Na daji suna da zane tara daga baya zuwa ciki, launinsu ƙasa-ƙasa ko kore ko shuɗi. Waɗanda a ke haifa a gidajen kiwo na ƙasashen Tailan da Malesiya da Jamus kuwa, akwai ja, akwai rawaya, akwai fari, akwai mai ɗigo-ɗigo kamar zabo.

Wani masanin kifaye ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya fara rubuta bayaninsa a shekarar 1840, ya sa masa sunan kimiyya Symphysodon discus. A 1904 wani Bafaranshe, Jacques Pellegrin, ya bayyana wani irin.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Wannan baƙon kifi ɗan'uwan karfasa ne, wadda a ke kamawa a gulbin Yamai da tabkin Madarumfa. Danginsu ɗaya, masana suna kiransa Cichlidae. Amma halinsu ya bambanta ƙwarai. Karfasa ba ta da zaɓe, ta kan jure ruwa mai laka da ruwa mai zartsi. Tarwaɗa ma ta fi ta, don ko cikin taɓo sai ta rayu. Diskus kuwa, ruwa ya ɗan canza, sai ya yi baƙi, ya ɓuya, ya ƙi ci.

Ƙasarsu ta asali

Gidan diskus gulbin Amazon ne da rassansa, a Amurka ta Kudu, cikin ƙasashen Birezil da Peru da Kolombiya. Ku neme shi bisa taswira. Tsawonsa ya wuce kilometir 6000, alhali gulbin Neja bai fi wajen 4200 ba, kuma babu gulbin da ke zuba ruwa cikin teku kamarsa duk duniya.

Can ba a yin ɗari irin namu. Ruwa yana da ɗumi shekara duka. Lokacin ambaliya, a wajen birnin Manaus, gulbi ya kan hau kamar metir 10, ya shiga kurmi, kifaye su riƙa yawo tsakanin itatuwa. In ruwa ya janye sai diskus su taru garke-garke a inda babu igiyar ruwa mai ƙarfi, ƙarƙashin itatuwan da suka faɗi, cikin inuwa. Ganyaye masu yawa suna ruɓewa a ciki, har wani reshen gulbin, Riyo Negro, ruwansa ya yi launin shayi. Ma'anar sunan ma ke nan, baƙin gulbi. Irin wannan ruwa ba shi da gishirin ƙasa sai kaɗan ƙwarai, kuma yana da ɗan tsami.

Bari mu tsaya kan tsamin nan. Kun san in tsamiya ta yi yawa a kunu, kanwa ke kashe ta. Ruwa ma haka ne, wani ya karkata wajen tsami, wani wajen kanwa. Ma'aunin wannan a ke kira pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa. Ruwan Riyo Negro wajen 5 ne, wani wurin ma bai kai ba.

Ku riƙe abubuwan nan: ɗumi, tsabta, kwanciyar ruwa, inuwa, zaman taro. Duk wanda zai ajiye diskus a gida, su zai yi ƙoƙarin kawowa cikin ɗakinsa.

Akwati da lissafinsa

Akwatin gilashin da a ke kiwon kifi ciki shi a ke kira akwaryom. Kafin a saya, sai an yi lissafi. Ba a ajiye diskus ɗaya shi kaɗai, don ɗan garke ne. Ba a kuma ajiye biyu ko uku, don mai ƙarfin zai takura wa raunanan, ya hana shi ci, kamar yadda kaji ke yi wa ƙaramarsu. In sun kai biyar ko shida, faɗan ya kan rarrabu, babu wanda ya ke shan wuya shi kaɗai. Kowane babban kifi kuwa yana bukatar ruwa wajen litir 50. Shida sau 50, litir 300 ke nan.

Yaya za mu san akwati ya ɗauki litir 300? Ku fito da allunanku. Tsawo santimetir 120, faɗi 50, zurfi 50. 120 sau 50, 6000. 6000 sau 50, 300 000. A raba da 1000, an sami litir 300. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ashe ruwan kaɗai kilo 300 ne, nauyin buhun gero uku masu kilo ɗari-ɗari, ban da gilashi da yashi. Saboda haka ba a aza shi bisa teburin karatu. Sai an yi masa mazauni na ƙarfe ko na katako mai kauri, wanda ya daidaita sosai, a shimfiɗa soso mai laushi a ƙarƙashi. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, wata rana gilashi zai tsage cikin dare.

Wurin ajiyewa ma da magana. Kada rana ta riƙa dukansa, don za ta dafa ruwan, gansakuka kuma ya rufe gilashi. Kada a sa shi bakin ƙofa inda a ke shige da fice, diskus matsoraci ne. A yi masa murfi, don in ya firgita ya kan yi tsalle waje.

A ƙasan akwati a kan zuba yashi mai laushi, wankakke, kaurin yatsa ɗaya ko biyu. Masu renon ƙanana ma ba su sa kome, don sharar ta yi sauƙi. A kan sa busasshen itace wanda aka dafa, aka jiƙa har ya nutse, ya zama maɓoya. Dutse kuwa sai an gwada shi: a ɗiga masa binegar, in ya yi kumfa a jefar, don zai ja ruwa wajen kanwa. Tsiren ruwa ba duka ke jure ɗumin da diskus ke so ba. Cikin masu jurewa akwai wani mai suna anubiyas, wanda asalinsa daga ƙoramun kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Kuma kada sabulu ya taɓa akwati ko bokitin aikinsa, ko sau ɗaya.

Abin da ya kashe kifayenmu

Yanzu mu koma kan kwalbarmu. Kifi yana ci, yana kashi, yana kuma fitar da wata guba ta jan naman nan na ƙarƙashin kumatunsa, inda ya ke numfashi. Sunan gubar amoniyak. Ita ce ku ke jin warinta a makewayi ko a turken awaki. Abincin da ya ruɓe cikin ruwa ma ita ya ke fitarwa. A tabki ko gulbi ruwa yana da yawa, guba ta kan bazu ta ɓace. A kwalba kuwa ina za ta? Sai ta taru, ta ƙone wurin numfashin kifi. Ruɓewar tsakin gero da burodi kuma ta cinye iskar da ke cikin ruwa. Ashe mu ne muka kashe su da yawan kyauta.

To, me ke hana haka a akwaryom? Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya. Kun saba jin sunansu wajen cuta, amma waɗannan masu amfani ne. Kashi na farko suna cin amoniyak, su mai da ita nitrit. Nitrit ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Sai kashi na biyu su ci nitrit, su mai da ita nitrat, wadda ba ta da illa sai in ta taru da yawa. Nitrat ɗin nan taki ce ga tsire-tsire.

Waɗannan halittu suna zaune cikin mataci, wato akwatin soso wanda ƙaramin inji ke tura ruwa ta cikinsa dare da rana. Mutane suna zaton aikin mataci tare datti ne kawai, kamar rariya. Wannan ƙaramin aikinsa ne. Babban aikinsa shi ne zama gidan bakteriya. Sabon soso kuwa babu kowa cikinsa. Sai an jira sun yaɗu.

Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Mutum ya sayi akwati da safe, ya cika ruwa da azahar, ya zuba kifi da la'asar, kafin mako ya zagayo ya yi hasara. Ga yadda ya kamata: a cika akwati, a kunna mataci, ba kifi ko ɗaya. Kowace rana a jefa ɗan abincin kifi kaɗan, ya ruɓe, bakteriya su sami abin ci. A riƙa gwada ruwa da maganin gwaji, wanda a ke ɗigawa cikin ƴar kwalba, launi ya nuna abin da ke ciki. Da farko amoniyak za ta hau, sa'an nan ta sauka. Sai nitrit ta hau, ita ma ta sauka. Ranar da duka biyun suka koma sifiri, akwati ya nuna. Wannan ya kan ci mako huɗu zuwa shida. In ka sami tsohon soso daga akwatin wani mai lafiyayyun kifaye, kwanakin sun ragu, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo cikin sabuwar madara.

Soson mataci in ya toshe, ba a wanke shi da ruwan famfo. A ɗebi ruwan akwatin a bokiti, a matse shi ciki a hankali, a mayar. Kuma a rage ƙarfin injin, kada ruwa ya riƙa gudu. Wanda ya taɓa ɗaukar tabarma a buɗe ranar iska ya san wahalar da kifi mai faɗi zai sha.

Ruwa da zafinsa

Ruwan famfo akwai kulor cikinsa, maganin nan da ku ke jin warinsa a ruwan jabel. An sa shi don ya kashe ƙwayoyin cuta, ya tsare lafiyarmu. Amma yana kashe bakteriyar mataci, yana kuma cutar kifi. Sai a tara ruwa cikin randa ko duro na roba, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga maganin kashe kulor da masu sayar da kifi ke da shi. Maganin ya fi tabbas.

Ruwan waɗansu rijiyoyi kuma nauyi gare shi. Za ku gane shi in sabulu ya ƙi kumfa, ko butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki. Irinsa a kan gauraya shi da ruwan sama mai tsabta, ba na farkon zuba ba wanda ya wanko ƙurar rufi. Diskus da aka haifa a gidan kiwo ya kan zauna lafiya a pH 6 zuwa 7, ko sama da haka kaɗan. Abin da ba ya so shi ne yau tsami, gobe kanwa. Gara ruwa ya tsaya wuri ɗaya ko da bai cika daidai ba.

Zafin da ya ke so digiri 28 zuwa 30 ne. A ƙasashen sanyi sai da sandar ɗuma ruwa, mai kunna kanta ta kashe kanta. A nan ma ana bukatarta lokacin ɗari, don da asuba ruwa ya kan huce ƙwarai. Amma babbar wahalarmu bazara ce. A watan Afirilu da Mayu ɗaki ya kan yi zafin da zai kai ruwa sama da digiri 33, ruwa mai zafi kuwa ba ya riƙe iska sosai. Sai ka ga kifaye sun taso sama suna haki. Dabarar ita ce ta randa. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Don yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, zafi yana tafiya tare da tururin. To, sai a ɗaga murfi, a sa raga a madadinsa, a juya ƙaramar fanka bisa fuskar ruwa, a ƙara injin hura iska. Ba a zuba ƙanƙara gaba ɗaya, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

Sai maganar wuta. Mataci da sanda da injin iska duk da lantarki su ke aiki. In wuta ta ɗauke awoyi da yawa, ruwa ya tsaya, iska ta ƙare, bakteriya su fara mutuwa, kifi ya bi su. Wanda ba shi da batir ko farantin hasken rana na ko-ta-kwana, ni dai shawarata kada ya fara.

Ranar kawo kifi da abin da ke biyo baya

A zaɓi kifi mai cikar goshi da ciki, mai buɗaɗɗun fika-fikai, wanda ke tahowa gaba in ya ga abinci. Wanda ya yi baƙi, ya rame, idonsa ya yi wa jikinsa girma, a bar shi. Cikin leda a ke kawo su. A aza ledar bisa ruwan akwati kamar minti 20 ko 30, zafi ya daidaita. A riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sa'an nan a fitar da kifin shi kaɗai, a zubar da ruwan ledar. A kashe fitila, a ƙyale su. Ko sun yi kwana biyu ba su ci ba, ba kome. In da waɗansu kifaye a gidan tun dā, baƙo sai ya yi wajen wata ɗaya a wani akwati dabam, a tabbata bai zo da cuta ba.

A daji diskus yana cin tsutsar ƙwari da ƙananan halittun ruwa da guntayen tsire. A gida ana ba shi busasshen abinci na gwangwani, da jar tsutsa, da niƙaƙƙiyar zuciyar sa wadda aka cire wa kitse. Manya sau biyu a rana, ƙanana sau huɗu ko biyar. Abin da za su cinye cikin minti biyar kawai a ke ba su. Saura a zuƙe shi da tiyo.

Nitrat kuwa babu mai fitar da ita sai mai akwati. Kowane mako, ko sau biyu a mako, a zuƙe sulusin ruwa daga ƙasa tare da datti, a mayar da sabo mai zafi ɗaya da na ciki. Sulusin 300 nawa ne? Litir 100, wato jarka biyar masu litir ashirin-ashirin. A shekara, mako 52, litir 5200 ke nan in sau ɗaya a ke yi. Wanda ya san layin famfo a bazara ya san wannan ba wasa ba ne. Aƙalla kada a zubar da tsohon ruwan a banza, a kai shi gindin zogale ko fangalin salati. Kifin da aka kula da shi haka ya kan kai shekara goma. Ni a ganina ɗan makaranta ya fara da ƴaƴan karfasa biyu ko uku cikin babban baho, ya koyi ciyarwa da canjin ruwa tukuna.

Yadda su ke renon ɗiyansu

In ruwa ya yi musu daɗi, bayan sun shekara ko shekara da rabi, sai ka ga biyu sun ware, suna korar saura daga kusurwa ɗaya. Suna share jikin itace ko gilashi da baki. Macen ta bi daga ƙasa zuwa sama tana manna ƙwai jeri-jeri, ɗari ko ɗari biyu, wani lokaci fiye. Namijin ya bi baya ya zuba musu iri. Su biyu su ke gadi, suna yi wa ƙwan fifita da fika-fikai, suna tsince wanda ya yi fari ya lalace. Bayan kamar kwana uku ƙwai su ƙyanƙyashe. Ɗiyan su yi kamar kwana uku kuma a manne, suna motsa wutsiya. Sa'an nan su saki, su nufi iyayensu kai tsaye.

Me za su ci? Jikin iyayen. Lokacin nan fatar uwa da ta uba tana fitar da wani yauƙi mai kauri, ɗiyan su lulluɓe su suna tsattsaga. In uwa ta gaji sai ta matso kusa da uba, ta girgiza jiki, ta wuce da sauri, ɗiyan duka su koma kansa. Haka su ke karɓa-karɓa wuni da kwana. A 2010 waɗansu masu bincike na Ingila da Birezil sun auna wannan yauƙi, suka tarar yana ɗauke da abinci mai gina jiki da sinadaran kariya daga cuta, kusan yadda dakashi ya ke ga jariri.

Ƴar'uwarsa karfasa, irin wadda aka fi kiwo, tata dabarar dabam ce. Uwa ke kwashe ƙwai cikin bakinta, ta riƙe su wajen mako biyu ba ta cin kome. Ku tambayi masunta, sun sha kama ta da ɗiya cike da baki.

Diskus har yaye ya ke yi. Daga mako na uku iyaye sun fara gudun ɗiyan, suna barinsu su nemi abinci da kansu. Wajen mako na huɗu mai akwati ya kwashe su zuwa wani akwatin, don in sun daɗe za su ji wa iyayen ciwo a fata. Wannan akwati na biyu ma sai an shirya shi tun mako shida kafin ranar, da matacinsa da ruwansa. Ku lissafa: in ɗiya 40 suka rayu, kowane kuma zai bukaci litir 50 in ya girma, akwati nawa irin namu mai litir 300 za a nema?